Zuwa ga injiniyan namu, kan maganar fiyus

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya yara? Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ƙaninka ne ya tona maka asiri: wai fiyus ɗinka ya ƙone sau uku, ka gaji, ka naɗa wayar jan ƙarfe a gurbinsa, wuta ta dawo, har kana kiran kanka injiniya. Ranka ya daɗe, cire ta yau, kada ta kwana.

Siririn ƙarfen da ke cikin fiyus da gangan aka yi shi mai rauni, don in wuta ta wuce ƙarfin wayar da ke cikin bango, shi ya riga ta narkewa. Jan ƙarfenka mai kauri ba zai narke ba. Wayar bango ce za ta ɗau zafin, robarta ta yi laushi, ta kama wuta a inda ido ba ya gani.

Ga lissafin, kuma na san kai da lissafi ba kwa ga maciji. Raba wat, wato ƙarfin kayan, da bolt na wutar gida, ka samu amfiya, wato yawan wutar da kayan ke ja. Butar lantarki mai wat 2000 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 9, saboda haka fiyus mai 13 ne nata a fulogi. Fitilar tebur ko rediyo, duk abin da bai kai wat 700 ba, mai 3 ya ishe shi. Amma buta da dutsen guga da hita a kan soket ɗaya na jone-jone sun haura 13 nesa ba kusa ba. Ina zargin nan matsalarka take.

 

To, kashe babban makunni tukuna. Zare komai daga soket, ka sa sabon fiyus mai lamba daidai da tsohon, kada ka ƙara ko ɗaya. Sai ka riƙa jona kayan ɗaya bayan ɗaya. In ya ƙone nan take da ka jona wani, wayoyi ne suka haɗu a cikinsa ko a igiyarsa. In sai bayan mintoci, lodi ne ya yi yawa. In kuwa ya ƙone ba a jona komai ba, aikin ya fi ƙarfin injiniya, kira mai gyaran wuta. Fiyus kuma a kan waya mai wuta yake zama, mai launin ruwan ƙasa, ko ja in tsohon gida ne.

Kuma kada ka ɗauka zai kare yara daga jan wuta. Kaɗan daga amfiya ɗaya ma tana iya tsayar da zuciya, fiyus mai 13 ko gezau. Wannan aikin RCD ne, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta fara zurarewa ta jikin mutum, mai miliamfiya 30 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya). Ka tambayi mai gyaran ko akwai shi a akwatin wutar gidanka, in akwai ka danna maɓallin gwajinsa ka ga ko zai yanke.

Gaida Hajiya. Littafina da ka ara kuma, har yanzu ina nan ina jira.

Naka,
Abokinka