A koya wa manoma duba lafiyar rafukansu

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin malaman gona da hukumomin muhalli kan ƙananan rafukan da ke ratsa gonakinmu, waɗanda noman rani da shayar da dabbobi suka dogara a kansu, amma ba mai bibiyar halin da suke ciki. Idan ana zancen gurɓacewar ruwa a Kano, Jakara da Challawa ake ambata, saboda dattin gari da ruwan masana'antun jima a fili suke. Rafin ƙauye kuwa a hankali yake lalacewa, ba wari, ba baƙin ruwa, har sai ranar da masunci ya jefa koma ya ɗago wayam.

Ma'aunin da yawancinmu muka dogara da shi ba ya wadatarwa. Ana cewa ruwa garau yake, ko kuma ai har yanzu ana kama tarwaɗa. To, maganin feshi ba ya canza launin ruwa, ita kuma tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga saman ruwa, don haka takan rayu a inda yawancin kifaye ba za su jure ba. Galibin kifaye suna buƙatar iskar oksijin da ta kai kimanin miligiram 5 a kowace lita. Idan ruwan sama ya wanko takin yuriya da NPK daga gona zuwa rafi, gansakuka da kainuwa sukan yi yawa, in sun mutu sun ruɓe kuma sai su cinye wannan iskar, musamman da asuba, lokacin da ta fi ƙaranci.

Akwai hanya mai sauƙi da ba ta buƙatar ɗakin gwaji. A shiga inda ruwa ke gudu, a ɗaga duwatsu, a karkaɗe ciyawar gefe cikin rariya, a juye abin da aka samu a farin kwano mai ɗan ruwa. Idan rafin na da lafiya, za a ga halittu iri-iri suna motsi: ƴaƴan mazari, ƙananan ƙaguwa, da wasu ƙwari masu jela uku da ke liƙe a ƙasan dutse, waɗanda ba sa jure gurɓataccen ruwa. Idan kuwa jajayen tsutsotsi da matsattsaku ne kaɗai suka cika kwanon, alama ce ta ruwan da iskarsa ta yi ƙasa. Fifikon wannan hanya a kan ɗibar ruwa a kwalba shi ne, gwajin kwalba halin wannan sa'ar kawai yake nunawa, alhali waɗannan halittu makonni ko watanni suke yi a wuri guda, don haka idan an wanke tankin feshi a rafin makon jiya, rashinsu zai tona asiri. A Afirka ta Kudu an tsara wannan dabara a sauƙaƙe da sunan miniSASS, inda ake duba rukunin halittu 13 a ba kowanne maki, kuma ɗaliban makaranta ma suna yin ta.

Bakin rafin shi ma abin dubawa ne, a ganina ma shi ya fi saurin faɗin gaskiya. Inda aka bar giyayya da ɓaure da jema, saiwoyinsu na riƙe gaɓa, suna tace laka da taki kafin su isa ruwa, inuwarsu kuma na sanyaya shi. Inda aka yi huɗa har bakin ruwa, ko masu ɗibar yashi suka rarake gindin gaɓa, laka kan binne duwatsun da waɗannan halittu ke zama. Na san manomi mai ƙaramar gona zai ce kowane taku na ƙasa abinci ne, kuma yana da hujja, sai dai gaɓar da ta zube da gonar take tafiya. Game da masu zuba maganin ƙwari na Gamalin a ruwa don kama kifi kuwa, wannan aikin masu unguwanni da sarakunan ruwa ne su hana shi. Sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm kan miyagun sinadarai ta haramta tun 2009.

Roƙona ga KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta jihar Kano, da takwarorinta na sauran jihohi, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, shi ne su horar da malaman gona kan wannan bincike, su kuma fitar da takardar hotunan halittun da bayaninsu da Hausa da ajami. A riƙa dubawa sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar damina da kuma tsakiyar rani, a wuri guda kafin rafin ya iso gonaki da wani bayan ya wuce su, a rubuta sakamakon a ajiye wurin ƙungiyar manoman fadama. Masu shiga ruwan su sa dogayen takalman roba, domin katantanwar da ke yaɗa tsargiya tana zama a irin waɗannan wurare.

Na gode.

Wani mai karatu,
daga Kano