Ku ba mu tarihin Wigan a filin wasanni

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki.

Ina jin daɗin filinku na wasanni sosai, amma dan Allah kullum sai Madrid sai Barcelona sai Man United? Akwai ƙananan kulob da suka sha wuya suka ƙi mutuwa, ni dai Wigan Athletic ta Ingila nake roƙon ku ware ma rana guda.

Kulob ɗin da aka kafa a 1932, a garin da wasan rugby ya fi ƙwallo farin jini, bai ma samu shiga gasar ƙwararru ba sai 1978, amma zuwa 2005 ga shi a Firimiya. Nan Victor Moses namu ya buga kafin Chelsea ta saye shi a 2012.

To ranar 11 ga Mayu 2013 a Wembley, wasan ƙarshe na kofin FA da Man City mai kuɗin Larabawa, kowa ya gama ba City kofi tun kafin a take wasa, yaran kocin Wigan Roberto Martinez kuwa suka tsaya tsayin daka har aka ba Zabaleta na City jan kati, ana dab da tashi Maloney na Wigan ya bugo kwana Ben Watson ya tashi ya sa mata kai sai raga, 1-0. Watson ɗin nan fa daga benci ya shigo, kuma bai daɗe da warkewa daga karaya ba. Mai kulob ɗin ma a lokacin, Dave Whelan, a Wembley ya karye a ƙafa a wasan ƙarshe na 1960 yana buga wa Blackburn, sai bayan shekara 53 Allah ya nufa ya riƙe kofin.

Kwana 3 tsakani Arsenal ta ci su 4-1 suka faɗa gasar 'yan dagaji, wallahi abin ya taɓa min zuciya. A 2020 kuma kuɗi ya ƙare aka zaftare musu maki 12 suka ƙara gangarawa League One, wato rukuni na uku, da yawa sun ɗauka shi ke nan, amma magoya baya suka yi karo-karo kulob ya rayu har ya cinye League One a 2022.

Yaranmu da ke cika gidajen kallo yawancinsu ba su san wannan ba, kuma ku suke saurare. Dan Allah a duba mana.

Naku mai sauraro,
daga Zariya