Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Bashin Mota

Ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta ce banki ya yi maka tayin bashin mota na naira miliyan 10, biya cikin shekara 5, har ka zaɓi kala. To, dakata tukuna.

Na ɗauki biro na yi lissafi. In kuɗin ruwan kashi 30 cikin ɗari ne a shekara, kamar yadda ka gaya mata, za su riƙa cire maka kusan 323,000 duk wata. Sau 60 fa. Jimilla miliyan 19 da dubu ɗari huɗu: kuɗin mota biyu, kana hawan ɗaya. Abin takaici ma, a watan farko 250,000 ruwa ne zalla, 73,000 kacal ke raguwa daga uwar kuɗi. Da shekara 3 ce, da wata ya kai 424,000, amma duka-duka miliyan 15 da 'yan kai za ka biya. Wannan sassaucin da suke yi maka daɗin baki da shi, miliyan huɗu ne kuɗinsa.

Kuma mota ba a kanta kaɗai take zuwa ba. Banki zai ce sai cikakken inshora, wanda tun 2023 ba ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota, wato 500,000 a shekara. Ga bakanike, ga taya. Ga mai: wa ya zaci bayan cire tallafi a Mayun 2023 lita za ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 1,000?

Na san za ka ce motoci tsada suke ƙarawa. Naira ce ta faɗi, ɗana. Inji bai fasa tsufa ba. Ranar da albashi ya tsaya kuwa, Allah ya kiyaye, su za su ɗauke ta su sayar a farashinsu, in bai cike ba su biyo ka da ragowar.

Zancen riba kuma ka san hukuncinsa, ba sai na maimaita ba. In murabaha za ka nema a bankin Musulunci, wato banki ya sayi motar ya sayar maka da ƙari a kan farashinta ka riƙa biya a hankali, nan ma ka ce su rubuta maka jimillar kuɗin, ba na wata-wata ba.

Kada ka sa hannu sai ka kawo min takardar mun karanta tare. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Mahaifinka.