A Duba Binciken Gidan Sauro Kafin A Sa Wa Talaka Kuɗi

Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin hukumomin lafiya kan binciken da masana tattalin arziki Jessica Cohen da Pascaline Dupas suka gudanar a asibitocin awon ciki na yammacin Kenya, wanda aka wallafa a 2010. Sun gwada raba wa mata masu juna biyu gidan sauro kyauta a wasu wurare, a wasu kuma da ɗan farashi, sai suka tarar cewa kuɗi kaɗan ma yana korar mata da yawa, alhali waɗanda suka saya ba su fi waɗanda aka ba kyauta amfani da shi ba.

Wannan ya rusa zancen da ake yawan yi mana cewa talaka ba ya daraja abin da bai saya ba. A ƙauyukanmu zazzaɓin cizon sauro yana tsananta ne da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma maigida ba shi da abin sayarwa sai akuya. Tunda dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya matakin farko, ya kamata a ga tasirinsa a ɗakunan shan maganinmu ta hanyar raba gidan sauro kyauta tun kafin watan Agusta.

Naka,
Wani manomi daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa