A Duba Yadda Ake Tallan Man Kanumfari A Bauchi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku na kwanan nan kan yadda man da ake tacewa daga tsirrai ke kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, kuma ina da ƙarin bayani.

Maganar tana da tushe. Man kanumfari na ɗauke da sinadarin yujinol, wanda ke lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar cuta, kuma likitocin haƙori sun daɗe suna amfani da shi. Sai dai yawancin gwaje-gwajen a faranti aka yi su, cikin ɗakin bincike, ba a jikin mutum ba. Abin da ya kashe ƙwaya a faranti ba lallai ya isa jini ya warkar da taifod ba.

Abin da ke damuna shi ne masu talla da lasifika a kasuwannin Bauchi, da ke cewa kwalba ɗaya ta wadatar, har mutane su ajiye maganin asibiti. Ga shi man yana da ƙarfi ƙwarai. Wanda ba a surka ba yana ƙona fata, kuma idan yaro ya sha man kanumfari da yawa zai iya taɓa masa hanta.

Ina roƙon hukumar NAFDAC ta tilasta a rubuta gargaɗi da Hausa a jikin kowace kwalba. Masana a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma su gwada mayukan da ake sayarwa a nan, su faɗi sakamakon a rediyo.

Naku,
Mai karatu daga Bauchi