Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Harvey Mason Jr., Shugaban Hukumar Shirya Bikin Grammy

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina cikin masu hana idonsu barci duk shekara don kallon bikinku na karrama mawaƙa kai tsaye, shi ya sa na ga ina da bakin magana.

Tun 1959 ake raba ɗan garmahon zinariyar nan, amma in ka tambayi mutane me suke tunawa, da wuya su lissafa maka sunayen waɗanda suka ci. Za su ce maka daren 1984 da Michael Jackson ya kwashe kyautuka 8 shi kaɗai. Ko 2017, da Adele ta karɓi kyautar kundin waƙoƙi mafi fice na shekara tana hawaye, ta juya tana jinjina wa Beyoncé a gaban duniya kamar mai neman gafara. Sai 2025 Beyoncé ta samu wannan kyautar, bayan ta riga ta fi kowa yawan Grammy a tarihi. Duk waɗannan sun zauna a zukata ne saboda an gan su. Gani ya kori ji.

Ba zan ƙi yaba maka ba. Da mawaƙi The Weeknd ya yi fushi ya ƙaurace muku saboda an tsallake shi cikin 'yan takarar 2021, aka rushe kwamitocin sirrin da ke tace sunaye. A 2025 kai da kanka ka gabatar da shi a dandamali. Ba kowane shugaba ke haɗiye girman kai haka ba.

To ga kukana. Rukunan kyautukanku sun haura 90, amma kimanin goma kawai ake bayarwa a shirin dare da ake haskawa a talabijin. Sauran da rana ake sallamarsu, a wani taro daban da sai mai naci ke bibiya a intanet. A can aka miƙa wa Tyla, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, kyautar waƙar Afirka karon farko da aka bayar da ita a 2024, a can kuma Tems ta Najeriya ta karɓi tata a 2025. Abin da ya fi ɗaure min kai, a daren 2024 ɗin kun hau da Burna Boy na Najeriya babban dandamali ya yi wasa. Ashe kun san waƙar Afirka tana jan masu kallo. Me ya hana a karrama mai ita a gaban su waɗannan masu kallon?

Maganar cusa nahiya mai ƙasashe 54 cikin rukuni guda kuwa, wannan sai wata wasiƙar.

Roƙona ɗaya ne, yallaɓai: a bikin da ke tafe, a ware wa wannan rukunin minti biyar a shirin dare. A kira sunan wanda ya ci, ya taso daga kujerarsa, a bar shi ya yi godiya da harshen da ya ga dama, kada makaɗa su katse shi.

Naka,
Wani mai sauraron waƙa