Auta, kada ka taɓa faifan Baba kafin ka karanta wannan

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Umma da su Yaya da yara. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da kewarku. Na ga hotunan allon kwamfuta guda biyar da ka turo, na kuma saurari saƙon muryarka har sau biyu. Na ji ranka a ɓace yake. Na so mu yi waya, amma lokacin da nake tasowa daga aiki kai ka riga ka yi barci, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka daure ka karanta har ƙarshe. Cikin kurakuran nan biyar da suka tsayar maka da kwafin ajiya, huɗu ba abin damuwa ba ne. Ɗaya ne ya hana ni runtsawa jiya.

Bari in fara da masu sauƙin. Bidiyon kammala karatunka da ya ƙi shiga filash, alhali filash ɗin yana nuna saura wajen 20 GB, lafiyarsa ƙalau. Tsarin da aka shimfiɗa a kan filash ɗin ne tsoho. FAT32 ake kiransa, tun 1996 yake, kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4 GB ko da fili ya kai na saukar jirgi. Naka bidiyon 6 GB ne. Ka kwashe duk abin da ke cikin filash ɗin zuwa wani wuri, ka yi masa fomatin ka zaɓi exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006 kuma ba shi da wannan iyakar. Na ce ka kwashe tukuna, domin fomatin shara yake yi, ba ya barin komai.

Na biyu, wanda ya ce suna ya yi tsawo, wannan kam aikinka ne, kada ka ɗora wa kwamfuta. Na ga yadda ka jera: folda cikin folda cikin folda, kowace da suna kamar kanun labarai, ga "sabuwar folda (2)" ga "na ƙarshe na gaskiya". Windows tana ƙirga hanyar gaba ɗaya, tun daga harafin faifai har zuwa ƙarshen sunan fayil, kuma yawancin manhajojinta suna tsayawa a haruffa 260. A inda fayil ɗin yake zaune bai kai ba. Da ka zo zuba shi cikin foldar ajiya mai nata dogon sunan, sai ya haura. Ka gajarce sunayen foldoji biyu ko uku na sama, shi ke nan.

Na uku, mai lamba 0x80070020, cewa yake wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin. Na ga na wasiƙun Outlook ne. Rufe ta ka sake gwadawa. In ya ƙi, kashe kwamfutar ka kunna. Manhajojin ajiya na ainihi suna kauce wa wannan ta hanyar ɗaukar hoton faifan na wani ɗan lokaci su kwafa daga hoton, amma kai da hannu kake jan fayil kana saki, dole ka rufe komai. Na huɗu kuwa, 0x8007016A, fayilolin nan masu alamar gajimare a gefensu ba sa cikin kwamfutar ma. Sunansu kawai kake gani, su suna can OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet. Kunna OneDrive, ka danna dama a kan foldar, ka zaɓi a riƙa ajiye su a kan na'urar, ka jira su gama sauka, sannan ka kwafa.

To, yanzu na biyar. Wanda ya fito a kan foldar muryoyin Baba, Allah ya jiƙansa, mai lamba 0x80070017 da haruffan CRC.

Faifai yana ajiye bayani ne a ƙananan yankuna, kowane yanki da ɗan lissafin tantancewa a tare da shi. In ya zo karantawa sai ya sake lissafin, ya kwatanta. Wannan kuskuren yana nufin ya karanta, lissafi bai fito daidai ba, ya sake, ya sake, har ya haƙura. Wani lokaci kebur ne ya lalace ko kafar USB ta yi sako-sako, kuma ina roƙon Allah ya sa hakan ne. Don haka abu na farko, canja kebur, canja kafa, ka soka kai tsaye a jikin kwamfutar. Amma tsohon baƙin faifan nan na san shi, ni na saye shi kafin in taso, mai juyawa ne a ciki, kuma na san sau nawa ya faɗo daga kan tebur. Zuciyata ta fi ba ni cewa fuskarsa ce ta fara lalacewa.

Akwai wata 'yar manhaja kyauta, CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton lafiyar da faifai yake rubutawa game da kansa. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa sai addu'a. Ka duba layuka biyu, mai lamba 05 da mai lamba C5. Na farkon yankunan da suka mutu ne aka musanya su da na ko-ta-kwana, na biyun waɗanda faifan ya kasa karantawa ne yake jiran ya ga yadda zai yi da su. In ka ga wani abu ban da sifili a C5, a ƙarƙashin Raw Values, to amsa ta fito. Ka kuma kara kunnenka a jikinsa. Ƙugi mai laushi ba komai. In ka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, zare shi nan take, ka sa a aljihun tebur, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Ka ce abokinka ya ba ka shawarar ka gudanar da chkdsk, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi. Kada ka yi. Shekarata ta farko a nan, nawa faifan ya nuna mini wannan kuskuren sak. Na buga chkdsk da /r, na kwanta ina jin kaina gwani. Da asuba na tarar ya tsaya a tsakiya. Na sake kunnawa, sai ga wata folda wai ita FOUND.000, cike da gutsattsari masu suna FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, har ɗaruruwa. Hotunan da na ɗauka tun ranar da kuka raka ni filin jirgi ke nan suka koma haka. Kwana biyu bayan nan kwamfutar ta daina ganin faifan kwata-kwata. Shi chkdsk aikinsa gyara littafin lissafin faifai, ya ga komai ya daidaita, ba ruwansa da ko wannan muryar mahaifinka ce. Da /r kuma sai ya bi kowane yanki ɗaya bayan ɗaya, awa da awanni, a kan faifan da ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Kamar ka sa mara lafiya gudun fanfalaki ne don ka auna numfashinsa. Yana da ranarsa, amma sai bayan an kwashe kaya. In ka ga na cika nanatawa, wanda maciji ya sara ne, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ga abin da za ka yi. Ka samo wani faifan mai lafiya. Kada ka ja foldar gaba ɗaya da linzami, domin da ya ci karo da fayil mara lafiya zai tsaya yana ta nuƙurƙusar wuri ɗaya. Buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, wato Command Prompt, ka yi amfani da robocopy, umarnin kwafe fayiloli, yana cikin Windows tun asali. A ce tsohon faifan E ne, sabon kuma F:

robocopy E:\Baba F:\Baba /E /R:1 /W:1 /LOG:F:\rahoto.txt

Kada ka manta da /R:1 da /W:1 ɗin nan. In ba ka sa su ba, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan 1, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Na taɓa zama na lissafa, kwana 347 ke nan a kan fayil guda. Da su kuwa, sau ɗaya zai sake, ya rubuta sunan a rahoto, ya wuce na gaba. Kuma in ka ga wani a intanet ya ce ka ƙara /MIR, rabu da shi. Wannan yana goge duk abin da ke wurin saukewa wanda babu shi a tushe, kuma in ka juya E da F bisa kuskure, da hannunka za ka share abin da kake son ceto.

Foldar Baba za ka fara, ita kaɗai. Sai takardun gida, sai hotuna. Finafinai da waƙoƙin da ka tara su zo ƙarshe, in faifan ya kai lokacin. Waɗanda rahoton ya nuna sun ƙi, ƙyale su, kada ka yi ta maimaitawa. Akwai wata manhaja a Linux, wani tsarin kwamfuta daban da Windows, mai suna ddrescue da ke fara kwashe wurare masu lafiya, ta riƙe taswirar inda ta tsallake, sannan ta dawo ta lallaɓa wuraren da suka lalace. Wannan tare za mu yi ranar Asabar, ka kunna kyamarar wayarka ina kallon allon. Sau da yawa fayil ɗin sauti da ya rasa ɗan yanki yana kunnuwa, sai dai ka ji ya ɗan yi tsalle a wani wuri.

In kwafin ya gama, kada ka yarda da shi don kawai bai yi ƙorafi ba. Buɗe fayiloli goma ko sha biyar daga sabon faifan, ka ja su tsakiya, ka ja su ƙarshe, ka ji da kunnenka. In kuma sabon filash ka samo, gwada shi da H2testw kafin ka zuba komai. Akwai na jabu da ke nuna 128 GB alhali cikinsu bai kai 8 ba. Suna karɓar kaya ba musu, sunaye su fito reras, ranar da ka buɗe ka tarar da wayam. Bayan haka ka ɗora foldar Baba a Google Drive, 15 GB ɗin da suke bayarwa kyauta ya ishe ta, ka ba ni izinin shiga in sauke nawa kwafin a nan.

Ka turo mini rahoto.txt da hoton CrystalDiskInfo da zarar ka samu. Umma kuma kada ka ce mata muryar ta ɓace, domin ba ta ɓace ba tukuna. Ce mata muna kan aiki ni da kai. Ka gaishe ta sosai, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida su Yaya da yara.

Wassalam,
Yayanka